Koriyar Kujerar Jebres

Shafi na 17

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku, har da mai cewa na bar Kinanti a ƙofar shago kwana huɗu rana tana dukanta. Ku yi mini afuwa, ga ta nan za ta shiga. Wadda ta san hawayenta kusa suke, ta nemi wurin zama tukuna.

*

Sai da Kinanti ta riƙo hannun mahaifinta sannan ya yarda ya tsallaka dokin ƙofar shagon. Mahaifiyarta, Ibu Lastri (Ibu na nufin uwa a yarensu), tana biye da su, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji kamar an ce mata za a fizge.

Shago na shida ke nan tun safe.

Wata takwas da gigin tsufa ya ci ƙarfin mahaifin nata, Pak Wiryo. Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa jirgin ƙasa daga Solo zuwa Surabaya, yau sai an nuna masa hanyar banɗaki. Kinanti ta ɗauko su ta dawo da su gidanta, amma kullum la'asar ta yi sai ya saka takalmi ya tsaya a bakin ƙofa.

"A kai ni gida."

Likita ta ce a samo masa abin da idonsa ya saba da shi tun yana da ƙuruciya. Shi ne Kinanti ta tono wani tsohon hoto a ƙasan akwatinsa. Yana zaune a kan doguwar kujera irin ta da, wadda ake kira jengki, mai siraran ƙafafu a bubbuɗe, hannuwanta na katako sun ɗan karkata baya. Yana ta dariya. An sa almakashi an yanke gefe ɗaya na hoton.

Mai shagon ya fito daga tsakanin tsofaffin kabad-kabad yana fifita da kwali. Tsoho ne ɗan asalin Sin, da 'yar singileti, tabarau a saman goshi. Koh Aming ake ce masa.

"Sannunku da zuwa. Mbak, 'yar uwa, kujera ko madubi? Kada ki ce agogo, duk agogunan nan ƙarya suke yi."

Kinanti ta yi murmushin gajiya ta miƙa masa hoton.

Ya sauko da tabarau ya duba, ya gyaɗa kai.

"Jengki. Ta wajen alif ɗari tara da sittin. Yanzu yaran Jakarta sun gano ta, har nan suke zuwa da manyan motoci, su zauna a kai su ɗauki hoto su tafi ba su sayi ko cokali ba. Zo ki gani."

Ya ja ta gaban wata kujera mai bayan saƙa.

"Katakon jati ne zalla. Ɗaga ki ji."

Ta gwada ɗaga gefe ɗaya, da ƙyar ta motsa.

"Kin ji ko? Kujerun yanzu soso ne da kwali. Wannan ta girme ki, kuma sai ta ga jikokinki."

Kinanti ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashinta. Yawon shago biyar ya koya mata abin da ake dubawa. Ta bi mahaɗar katakon da yatsa, ta nemi ƙananan ramukan da ƙwaro ke yi, ta danna mazaunin da tafin hannu.

"Ta yi ƙasa da yawa, Koh. Gwiwoyin Bapak, wato babana, ba za su iya tashi daga kanta ba." Ta rage murya. "Kuma ina son wadda za a iya cire rigarta a wanke. Wani lokacin... ba ya iya riƙewa."

Koh Aming ya daina fifita.

"Na gane, Mbak. Tawa uwar ma haka ta yi kafin ta tafi. Ga wata nan."

Ta biyun ruwan ƙasa ce, an sake mata sabon yadi, ta fi tsawo. Kinanti ba ta ma gama zagaya ta ba Ibu Lastri ta yi caraf.

"Wannan ta yi. Mu ɗauka mu tafi."

Kinanti ta ɗago ta dube ta.

Matar da ta kushe kowace kujera tun safe. Wannan ta yi wari, waccan ƙafarta ta goce, waccan mai ita kama da ɓarawo yake yi. Matar da ko tumatur ba ta saya sai ta sa mai shi ya yi rantsuwa.

"Ibu, ko farashi ba ki tambaya ba."

"Na ce ta yi. Kaina ke ciwo."

"Hannunta ba irin na hoton ba ne. Dubi, wannan a miƙe yake."

"Wa zai lura? Mutumin da bai san sunana ba ne zai san hannun kujera?"

Idon Ibu Lastri ba a kan kujerar yake ba. Can ƙuryar shagon take satar kallo tana ɗaukewa.

Sai a lokacin Kinanti ta ji hannunta wayam.

"Bapak?"

Ba ya gefenta.

"Bapak!"

"Ga shi can," in ji Koh Aming. "Bar shi, babu ƙofa ta baya."

A can ƙurya, bayan wani tulin akwatuna, Pak Wiryo ya yaye wani tsohon zane da aka lulluɓe kaya da shi. Wata kujera ce a ƙarƙashi, ta zaman mutum uku. Koriya, yadinta ya koɗe har ya fara fari a wurin zama. Hannuwanta sun karkata baya, sak na hoton.

Ya shafa hannun kujerar a hankali. Ya juya ya zauna a gefen dama, ba tare da kowa ya riƙe shi ba.

Ya cire takalmansa. Ya jera su a ƙasa.

Kinanti ta toshe baki da hannu. Wata takwas ke nan sai da faɗa ake raba shi da takalman nan, wani lokacin da su yake kwana.

Koh Aming ya matso yana sosa ƙeya.

"Waccan ban gyara ta ba tukuna. Jiya aka kawo ta daga gidan wata tsohuwa da ta rasu. Yadin na asali ne, an daina yin irinsa."

"Ita nake so," Kinanti ta faɗa.

"Ba za ki saye ta ba."

Ibu Lastri ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma sai da Koh Aming ya ja da baya.

"Ibu, dube shi fa. Dubi fuskarsa."

"Na ce ba za ki saye ta ba."

Kafin Kinanti ta ba da amsa, Pak Wiryo ya yi 'yar dariya. Yana kallon ɗaya hannun kujerar, inda babu kowa. Ya bubbuga wurin zama na kusa da shi.

"Sauko daga nan, Danang. Za ka faɗo, ibunka ta yi mini faɗa."



Kinanti ta juya a hankali.

"Waye Danang?"

"Gigi ne."

"Ibu, waye Danang?"

"Na ce miki gigi ne! Jiya ba cewa ya yi mai kawo gas ƙaninsa ne ba?"

Jin muryarta ya sa Pak Wiryo ya ɗago. Ya dube ta. Ba irin kallon da ya saba yi mata ba na baƙuwar da ta shigo masa ɗaki. Fuskarsa ta washe.

"Lastri. Har kin dawo daga kasuwar?"

Jakar ta suɓuce daga hannun Ibu Lastri.

"Kin sayo masa wainar serabi? Tun ɗazu yake tambaya. Mai kwakwa yake so, ba mai ayaba ba."

Ibu Lastri ta yi baya. Da Kinanti ba ta tare ta ba da ta zube a kan siminti. Koh Aming ya jawo wata 'yar kujera da sauri aka zaunar da ita.

Ya dubi uwar, ya dubi 'yar, ya dubi tsohon.

"Bari in haɗo shayi," ya ce. "Rishona yana da nawa, zan ɗan jima."

Ya fita ya ja labule.

Pak Wiryo ya yi hamma. Ya ɗaga ƙafafunsa ya miƙe a kan kujerar, ya tanƙwashe su kaɗan ya bar wuri a ƙarshen kujerar, ya ɗora hannu a goshi. Ba a jima ba numfashinsa ya daidaita.

Kinanti ta durƙusa a gaban mahaifiyarta. Ta zaro hoton ta ɗora mata a cinya, ta sa yatsa a inda almakashi ya bi.

"Shekarata arba'in da ɗaya, Ibu. Ni kaɗai kuka haifa, haka kuka gaya mini. Wa aka yanke a nan?"

Ibu Lastri ta kau da kai.

"Wa ke zaune kusa da Bapak yake wannan dariyar? Ni tunda na taso ban taɓa ganin haƙoransa haka ba."

"Nduk, 'yata, ki bar maganar nan. Don Allah."

"Ba zan bari ba."

Ibu Lastri ta rufe ido. Hawaye suka biyo ta gefe.

"Yayanki ne."

Kinanti ta zauna daɓas a ƙasa.

"Shekararsa uku da wata biyu. Yana da wani ɗan tabo a haɓa, a hannun kujerar nan ya samo shi. Ba ya zama kamar mutane, sai ya hau hannun ya ce shi ma jirgi yake tuƙawa."

"Wannan kujerar?"

"A'a. Irinta dai, har kalar. Kakanki ne ya ba mu ita da muka tare a gidanmu na unguwar Jebres. Waccan da hannuna na faskara ta. Sati biyu ina dafa ruwa da ita."

"Me ya same shi?"

Ibu Lastri ta saci kallon mijinta. Idonsa a rufe, bakinsa ya ɗan buɗe.

Ta ƙara yin ƙasa da murya.

"Damina ce. Kwana uku ana ruwa, magudanar bayan gidanmu ta cika har tana shafar gada. Bapak ɗinki ya dawo daga aikin kwana, ko wanka bai yi ba ya zube a kan kujera, kamar yadda kika gan shi yanzu. Ni kuma sukari ya ƙare. Sukari, Nduk. Sukarin shayi."



"Danang ya sa kuka zai bi ni. Ga yayyafi, ga taɓo. Na ɗauke shi na zaunar da shi wurin ƙafafun babansa, na ce ka zauna nan in sayo maka serabi. Ya yi shiru. Na fita."

"Sai kuma?"

"Ko rabin awa ban yi ba. Na dawo na samu ƙofa a buɗe. Bapak ɗinki a kwance. Takalmin yaron ƙafa ɗaya a tsakar gida."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Sai bayan la'asar aka same shi. A ƙarƙashin gada ta biyu."

Kinanti ta kifa kai a gwiwar mahaifiyarta. Abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Sakata uku da ke ƙofar gidansu. Ranar da 'yan ajinsu suka tafi bakin teku ita kaɗai aka hana, ta yi wata guda ba ta gaishe shi ba. Yadda ko yayyafi aka fara sai ya zo ƙofar makaranta da lema ya tsaya, ƙawayenta suna yi mata dariya. Da yadda bai taɓa kwanciya da rana ba, ko da zazzaɓi yake, sai dai ya zauna a kujerar katako yana gyangyaɗi yana farkawa a firgice.

Ita duk a zatonta tsanani ne irin nasa.

"Me ya sa kuka ɓoye mini? Wannan ai ƙaddara ce, Ibu. Zai iya faruwa da kowa."

Ibu Lastri ta girgiza kai.

"Ban gama ba."

Ta kama hannun Kinanti ta matse har sai da ta ji zafi.

"Da aka shigo da shi, gida ya cika. Ga kakarki ta wajen uba, ga babana, ga maƙwabta. Kowa ni yake kallo. Ina uwar take? Ina ta je? Na ga idanunsu, Nduk. Shekarata ashirin da biyu. Na tsorata."

"Me kika yi?"

"Na nuna shi da yatsa. A gaban kowa. Na ce ai na tashe ka! Na girgiza ka, ka buɗe ido, na ce ga Danang nan, ka ce to!"

Kinanti ta ɗago kai.

"Kin tashe shi ɗin?"

Ibu Lastri ta sunkuyar da kai.

"Ibu. Kin tashe shi?"

"Ko taɓa shi ban yi ba."

Kukan da take riƙewa ya ƙwace. Ta cusa gefen ɗankwalinta a baki.

"Tausayinsa na ji, ya gaji. Na ce ai yanzu zan dawo. Kuma ban sa sakata ba, don hannuna ɗaya lema ɗaya kwando. Na ce iska ba za ta buɗe ba."

"Shi me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya dube ni kawai ya sunkuyar da kai. Babana ya tashi ya mare shi a gaban gawar ɗansa, bai ɗaga hannu ya kare ba. Uwarsa ta mutu ba ta sake cin abinci kwano ɗaya da shi ba. A unguwa har suna aka sa masa, direban da ya yi barci. Shi ya sa muka bar Jebres."

Kinanti ta zare hannunta. Ta miƙe tsaye, ta ja da baya har ta bugi wani kabad, kwanukan da ke ciki suka yi ƙara.

"Shekara nawa ke nan?"

"Arba'in da takwas."

"Shekara arba'in da takwas kina zuba masa abinci, kina wanke masa kaya, kina kwana kusa da shi. Ba ki taɓa buɗe baki ba?"

"Na sha niyya. Ranar da aka haife ki na yi niyya. Ranar da muka tsaya a Arfa na yi niyya, har na kira sunansa, ya juyo, na ce ruwa zan sha. Kullum sai in ce gobe." Ta share fuska. "Da ciwon nan ya fara na ce to yau kam sai na faɗa. Na zaunar da shi na gaya masa komai, tun daga sukarin. Kin san me ya ce?"

Kinanti ta zuba mata ido.

"Ya ce, Baiwar Allah, ki yi haƙuri, amma matata ba ta son baƙi suna shigo mata ɗaki."

Labule ya motsa. Koh Aming ya leƙo da faranti da kofuna uku, ya ga fuskokinsu, ya ajiye a kan wani akwati ya koma.

Kinanti ta dubi mahaifinta. Ya ƙanƙance a kan koriyar kujerar, ƙafafunsa duk jijiya, amma goshinsa ya saki. Rabon da ta ga ya kwanta haka da rana, ba ta ma taɓa gani ba.

"Zan saye ta," ta ce.

"Nduk..."

"Yau za a kai ta gida. Ba za a canza yadin ba."

Ibu Lastri ta sauko daga kujerarta ta durƙusa, tsohuwa mai shekara saba'in, ta kama ƙafar 'yarta.

"Ki dube ni da girman Allah. Kullum in fito falo in gan shi a kai yana wasa da yaron? Kullum ya tambaye ni serabi? Ba zan iya ba. Wallahi in kujerar nan ta shiga gidanki, ni fita zan yi."

"Tashi, Ibu. Kada ki durƙusa mini."

"Ki ɗauki mai ruwan ƙasar. Zai saba."

"Shi ya ɗauki naki shekara arba'in da takwas. Ke ba za ki iya kallon kujera ba?"

Tana faɗa ta yi nadama, don ta ga yadda maganar ta shiga. Ibu Lastri ta saki ƙafarta, ta zauna a ƙasa ta zuba hannuwa a cinya.

"Gaskiyarki," ta ce a hankali. "Amma ke ma ki sani, mutuwa zai yi bai san na nemi gafararsa ba. Wannan ya ishe ni."

"Lastri."

Su biyun suka daskare.

Daga kan kujerar muryar ta fito. Ba muryar da ke cewa a kai shi gida ba ce. Tsohuwar muryarsa ce, mai nauyi, wadda Kinanti ta sani tun tana ƙarama.

Bai motsa ba. Hannunsa na kan goshi, idonsa a rufe.

"Ba barci nake ba."

Ibu Lastri ta rarrafa zuwa gare shi.

"Ka... ka ji abin da muke cewa, Pak?"

Hawaye ya gangaro daga gefen idonsa ya shige cikin koren yadin.

"Ba yau nake nufi ba," ya ce. "Ranar. Ina jin ki lokacin da kika ajiye shi. Kuma ina kallo Danang ya buɗe ƙofar, ban tashi ba."